Koriyar Alamar da Ke Gadin Firjin Dokta Habu

Ni ne Garba Injiniya. Ku je Azare ku tambayi wanda ya fara dasa alama a gefen agogon kwamfuta, tun daga Giade har bakin kogin Katagum, ko jaririn goye zai fito da hannu ya nuna muku shagona. A zamanina idan na yi gyaran murya kwamfuta gyara zama take yi. Akwai wadda harara kawai na yi mata ta warke. Kuma duk tsawon sana'ata ban taɓa rubuta abin da ya yi wa mai shi ƙarya ba. Sai guda ɗaya. Shi ma ba ƙarya ya yi ba, mutuwa ya yi bai gaya wa kowa ba.

Ku yaran yanzu kuna zuwa wurina da waya a hannu, kuna cewa, "Baba Injiniya, ai wannan aikin naku layi biyar ne." Haka ne, layi biyar ne. Ku zauna ku ji inda layi biyar ya kai garken shanu.

Bari in fara nuna muku filin. A ƙasan allon kwamfuta, can kusurwar dama inda agogo yake, akwai wani ɗan wuri da 'yan alamomi ke jeruwa. Masu sana'a tire suke ce masa. Nan ake ajiye furogiram ɗin da ake so ya yi ta aiki ba tare da ya tare wa mutum allo ba. Sai ka rubuta sikirif, wato 'yan layukan umarni, ka ce wa kwamfuta ta rataya wannan alama a can, idan an taɓa ta da ɓangaren dama na mawus, wato linzamin kwamfuta, ta buɗe jerin zaɓi, idan an zaɓi kaza ta yi kaza. Sana'ar ke nan. Da ita na yi aure, da ita na yi tumbi.

Aikina na farko a hannun maigidana Malam Tijjani shi ne zanen raƙumi. Ya dawo daga Zariya da tsohuwar kwamfuta da akwatin filofi, faya-fayen ajiyar bayanai na lokacin, ya buɗe shagon buga takardu, ni kuma na bar gyaran rediyo na bi shi. Alama ɗigo goma sha shida ce a tsaye, goma sha shida a kwance, kuma da hannu ake cike ta ɗigo bayan ɗigo. Na wuni ina fama, na kawo masa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Garba, wannan kujerar ta waye?"

"Raƙumi ne, Malam."

"To raƙumin nan ya ga duniya. Goge."

A wurinsa na koyi cewa ba a yi wa alama ado, launi ake ba ta wanda mai ciwon ido zai gane daga bakin ƙofa. A wurinsa na koyi jera zaɓi: abin da ake yawan taɓawa a sama, "Fita" a can ƙasa, da layi a tsakani, don hannun mutanenmu yana da sauri. Ba mu da inda za mu yi tambaya. Kafen intanet ɗaya ne mai faifan tauraro a garin, kafin shafi ya buɗe ka ci tuwo ka wanke hannu. Idan sikirif ya ƙi, kai da shi ne da zufa.

Da wayar salula ta shigo Azare, aiki ya buɗe. Mai kafe yana son alamar da za ta kori wanda lokacinsa ya cika. Wata Hajiya mai makarantar koyon kwamfuta ta sa na yi mata wadda ke tuna wa ɗalibai lokacin salla, daga baya ta ce in ƙara zaɓin da zai tuna musu share aji. Wani Alhaji kuwa cewa ya yi in sa hotonsa a gefen agogo, da rawaninsa. Na sa. Ya fito kamar albasa, ya ce bai taɓa yin kyau haka ba. Duk waɗannan idan sun lalace, abin da za a yi asara bai wuce tsaki ba.

Na Dokta Habu daban ne. Likitan dabbobi ne da ya yi ritaya ya buɗe shagon magani kusa da kara, kasuwar shanu. Mutum ne mai tsantseni, ko alƙalami ba ya ba da aro. A ɗakin baya yana da firjin kananzir, irin mai lagwani a ƙasa, inda yake ajiye ruwan allurar rigakafin shanu. Wannan ruwa abu ne mai rai. Idan zafi ya same shi ba ya wari, ba ya sauya launi, mutuwa kawai yake yi a cikin kwalba, ka yi wa saniya shi kamar ka yi mata allurar ruwan rijiya.

Damuwarsa maƙwabta. Da azumi ya zo, mai zoɓo ya kawo ajiya, mai fura ta kawo, ladanin unguwa ya kawo gorar ruwa, kuma wa zai ce wa ladani a'a? Kowane buɗewa sanyi yana fita. Sai ya sa wa firjin kwaɗo, ya sa makullin a aljihu. Amma yana so ya san halin da ciki yake ba tare da ya buɗe ba. Nan aka nemo ni.

Na je Kano na samo ɗan ma'aunin zafi mai waya. Na zura shi ta robar ƙofar firjin, na huda bango, na jona a bayan kwamfutar da ke gaban shago. Sikirif ɗin yana tambayar ma'aunin a kai a kai. Idan da sanyi, alamar koriya ce. Idan zafi ya tashi, ta koma ja, ta kama ƙara kamar an taka ɗan akuya. Zaɓi uku na sa: Duba sanyi, Yi shiru, Fita. Dokta ya sa sola a kan rufi da batiran babbar mota, ya ce ko za a shekara babu wuta a Azare wannan kwamfuta ba za a kashe ta ba.

Sai ga matsalar Sale. Ƙanin matar Dokta ne, magidanci da iyalinsa, shi ke tsaron shago idan Dokta ya fita rugage. Sale ya gano akwai karta a cikin kwamfutar. Idan wasa ya yi daɗi hannunsa ya zame kan alamata, jerin zaɓi ya buɗe ya tare masa kati, sai ya danna na ƙasa don abin ya tafi. Na ƙasa kuwa shi ne Fita. Dokta ya dawo ya tarar babu alama, aka kira ni, na tashe ta. Aka sake, na sake. A karo na gaba Dokta ya gaji. Ya zare mawus, ya zare allon rubutu, ya naɗe wayoyinsu ya kulle a durowa.

"Daga yau kallo kawai ake yi," in ji shi. "Ba a taɓawa."

"Yaya Dokta, to kartar fa?" in ji Sale.

"Ka sayi ta takarda."

Ni kuma na tafa. Na ce wannan hikima ko a Turai ba a kai gare ta ba. A wurinmu abu mai daraja kulle shi ake yi, hannu ba ya kai masa. Haka muke yi wa kwanon baƙi, haka muke yi wa rigar salla. Ba wanda ya ga aibu, har da Malam Tijjani da na ba shi labari.

A cikin bazarar shekarar Dokta ya tafi Kano jinyar mahaifiyarsa, ya daɗe. Lokacin ne aka yi wahalar kananzir da ta sa mata suka koma murhun itace. Da ya dawo na je yi masa sannu da zuwa ranar kasuwa, na tarar da baƙo a kan benci, dogon dattijo da sanda a kafaɗa. Ardo Buba ne, shugaban wasu rugage da ke fadamar Katagum. Sun zauna a wurin tun zamanin mahaifinsa, suna kiwo suna noman gero.

Abin da ya kawo shi babba ne. An ji ciwon huhu ya ɓullo a shanun da ke gangarowa daga arewa. Dattawan rugage sun ce a kwashe a yi kudu kafin ya iso. Ardo ya ce a'a. An share gonaki, ruwa ya kusa sauka, idan aka tashi an bar damina, ga hanya duk gonakin mutane da rigima. Ya ce a zauna a yi allura. Sun ƙi, ya matsa, suka ce to a wuyansa. Shanunsa da na mutanensa da girmansa, duk ya ɗora a kan abin da ke cikin firjin nan.

"Dokta," in ji shi, "ruwan nan naka da ransa? Na ji ka yi tafiya."

"Da ransa, Ardo. Firji da sanyinsa na tarar. Ga kuma mai gadinsa." Ya nuna kusurwar allo, ya nuna ni. "Ga wanda ya ɗauke shi aiki."

Ku da kuka san ni kun san ba a ba ni fili in ƙi shiga. Na miƙe na gyara hula.

"Baba Ardo, ka ga koren nan? Ba ya gyangyaɗi. Ba ya zuwa kasuwa. Ba shi da surukai balle ya tafi gaisuwa. Idan ƙuda mai zazzaɓi ya ratsa ta gefen firjin nan, ihun da zai yi sai an ji a garin Itas."

Ardo ya matso ya sunkuya, ya daɗe yana kallon alamar yadda ake duba idon saniya.

"Bai taɓa ihun ba?"

"Ko sau ɗaya," in ji Sale daga bakin ƙofa.

"To madalla."

Dokta ya cika akwatin ƙanƙara da ruwan allura ya bi Ardo Katagum, ya yi kwanaki yana bin rugage. Ba saniyar da aka tsallake. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, kowa ya zauna.

Gero ya kai gwiwa lokacin da Dokta ya aiko a kira ni. Na shiga da barkwancina, na ga fuskarsa, na haɗiye sauran.

"Shanun Ardo suna faɗuwa," in ji shi. "Waɗanda na yi wa allura da hannuna. Allura takan bar ɗaya ko biyu, na sani. Ba ta barin garke. Duba min abin nan naka."

Na kalli allo. Alama tana nan koriya shar.

"Ai ga ta nan, Dokta."

"Na gan ta. Na ce ka duba."

Ya buɗe durowa ya miƙo min mawus. Na jona, na sa hannu na ja kibiya zuwa kusurwa don in buɗe jerin zaɓi. Kibiyar tana hawa kan alamar, sai alamar ta ɓace. Ban danna komai ba. Agogo ya matso ya cike gurbinta kamar ba a taɓa yin ta ba.

Yanzu ku buɗe kunne, don wannan ne abin da layi biyar ɗinku ba ya faɗa. Alamar ba ita ce sikirif ba. Takalmi ne a bakin zaure. Mai shi ne ke ajiye shi idan ya shiga, shi ke ɗauka idan zai fita. Idan ya fita da ƙafarsa, ya ɗauke. Idan kuwa ya faɗi a ciki ya mutu, takalmin yana nan, duk mai wucewa ya ce maigida yana ciki. Kwamfutocin lokacin ba sa leƙa zauren sai kibiya ta ratsa ta kan alamar, sannan su tambaya ko mai ita yana raye, su ga babu, su share. A kowane shago a duniya hannu yana yawo a kan allo, gawar alama ba ta wuni. A shagon Dokta kuwa mun kulle hannun a durowa.

Na zagaya bayan firji da tocila. Ɓera ya ci wayar ma'aunin, ya bar ta rataye da zare ɗaya. Abin da na fahimta shi ne sikirif ya yi tambaya, shirme ya dawo masa maimakon lamba, ya faɗi nan take bai ɗauke takalminsa ba. Yaushe? Ɓeran kaɗai ya sani.

Dokta ya juya ya kalli Sale. Bai ɗaga murya ba.

"Da ba na nan, wutar firjin ta taɓa mutuwa?"

Sale ya zauna a kan buhun dusa.

"Ta mutu, Yaya. Kananzir ya ƙare, gari babu. Ban san ranar da ta mutu ba, na dai leƙa na ga lagwani baƙi. Makulli yana wurinka, ban iya buɗewa in taɓa ba. Na zo na kalli allo, na ga kore. Kullum na zo kore. Na ce ashe firjin yana riƙe sanyi. Da na samu kananzir na kunna."

"Me ya hana ka gaya min?"

"Me zan ce? Kai ka ce idan kore ne lafiya. Injiniya ma haka ya ce."

Gaskiyar Sale ce. Ya yi abin da aka ce ne, ya kalla bai taɓa ba. Wato ranar da na tsaya gaban Ardo ina rantsuwa da mai gadi, mai gadin ya riga ya daɗe da mutuwa, idonsa a buɗe.

Washegari Dokta ya ce in raka shi Katagum, ya ɗauki abin da yake da shi na magani. Ban taɓa ganin ciwon huhu ba sai ranar. Saniya ta tsaya ta ware ƙafafun gaba, ta miƙe wuya, tana jan numfashi da gurnani kamar ana zuga wutar maƙera. Tari kaɗan, ba ƙarfi. Idan ta gaji ta kwanta, kuma wadda ta kwanta ba ta tashi. Mahauta sun yi sansani a gefen ruga da wuƙaƙe da babura, suna saye a wulaƙance. An buɗe ƙirjin wata a gabana, huhun ya manne da haƙarƙari, ruwa rawaya yana kwarara. Mata suna zaune da ƙoren nono a kife. Ga ciyawa ko'ina, koriya shar har bakin kogi, irin wadda makiyayi ke mafarki, ba bakin da zai ci.

Yanzu kuma ba halin tashi. Wa zai bar garke mai ciwo ya ratsa ƙasarsa?

Dokta ya tara dattawa a gindin tsamiya ya gaya musu gaskiya, cewa ruwan ya mutu kafin ya kai jikin shanu. Wani dattijo ya tofar da yawu ya ce da Ardo, cikin Hausa don mu ji, "Mun ce a tafi." Ardo bai ɗago ba. Ni kuwa, a karon farko tun da aka yaye ni, na wuni ban ce uffan ba.

Kafin kaka rugagen nan sun watse. Wasu sun bi dangi, wasu samarin sun shigo Azare suna acaɓa. Makiyaya suka daina tsayawa a shagon Dokta. Labari ya zaga kara cewa allurarsa ce ke kashe shanu, wanda ba haka ba ne, amma ba wanda ke da lokacin bambancewa. Shekara ba ta zagayo ba Dokta ya sayar wa mai zoɓo firjin.

Amma kafin nan na gyara abina, don sana'a ba ta tsayawa makoki. Na sake rubuta shi daga tushe. Ga dokokin da na fitar, ku riƙe su ko ku bari. Kada alama ta nuna lafiya tana tsaye cik. Na sa tawa tana numfashi, kore mai haske, kore mai duhu, tana sauyawa ba tsayawa, ta yadda ko daga bakin titi ka ga ta daskare ka san gawa ce. Idan ma'auni ya yi shiru ko ya kawo shirme, wannan ma ja ne, ba a jira. Na rubuta sikirif na biyu wanda ba shi da aiki sai gadin na farko. Na cire Fita daga jerin zaɓi gaba ɗaya. Na zura wayar a cikin bututun ƙarfe, ɓeran da zai ci ta sai ya zo da zarto. Sannan na ce wa Dokta ya mayar da mawus, a bar Sale ya yi kartarsa.

Ranar da na kammala, ina tsaye ina kallon abin yana lumshewa yana buɗewa, sai ga Ardo Buba a bakin ƙofa. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya zo yi wa Dokta sallama ne. Wani ɗan kasuwa ya ɗauke shi kiwon shanunsa a can kudancin Bauchi, shi Ardon da a da shi ake zuwa gaisarwa. Ya zauna a bencin nan dai. Dokta ya kawo masa ruwa, suka gaisa, suka yi shiru.

Ni shiru ba ya zama a jikina. Na ga ya kamata ya san ba a zauna haka nan ba.

"Baba Ardo, zo ka gani. An gyara. Ka ga yanzu numfashi take yi. Da can ko ta mutu ba a sani, yanzu kuwa ko atishawa ta yi sai an gani. Na sa mata mai gadi, shi ma mai gadin..."

"Garba," in ji Dokta.

Amma Ardo ya riga ya miƙe. Ya dogara sandarsa ya matso, ya sunkuya a gaban allon kamar wancan karon. Ya kalli alamar tana haske tana duhu, tana haske tana duhu. Ya daɗe. Sannan ya miƙe ya mayar da sandar kafaɗa, ya dube ni ba fushi ko kaɗan a fuskarsa.

"Barka, Malam," in ji shi. "Taka dai ta tashi."